Motar aro ta gareji: sun ce kyauta ce, ga shi sun cire min kusan fam 250

Abban Hanifa (Romford):
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, ku yi haƙuri zan ɗan yi tsawo, raina ne a ɓace.

Kwanakin baya na kai motata wajen dilan da na saye ta. Sabis ne na shekara, sai kuma wata ƙara da take yi ta gaba in na taka birki. Suka ce sai sun yi odar wani ƙarfe, motar za ta yi kwana huɗu a hannunsu. Tun da na kira su don a sa min rana na ce ina buƙatar motar aro, don aikin dare nake yi, kuma ni ke kai yara makaranta. Suka ce ba damuwa, kyauta ce, in dai zo da lasisina da lambar nan da ake cirowa a shafin DVLA, hukumar lasisin tuƙi ta nan Birtaniya, su duba ko akwai makin laifi a kaina.

Ranar da na je ana ta yayyafi, ga layi. Yarinyar da ke kan tebur ta turo min kwamfutar hannu ta ce sa hannu nan, da nan, da nan. Na sa. Ta karɓi katin bankina ta ce ajiya ce kawai, ba abin da za a cire. Ta miƙo makulli ta ce motar na waje, fara ce, a layi na biyu. Ba wanda ya raka ni, ba wanda ya zagaya motar tare da ni. Na shiga na ja. Da na mayar ma haka, na ba wani yaro makulli ya ce shi ke nan, sai an jima.

Sai ga saƙo bayan kwana goma. Wai rim ɗin gaba na hagu, wato ƙarfen da taya ke zaune a kai, ya gogu da dakalin bakin titi, gyaransa fam 180. Sannan ga tarar rashin biyan kuɗin mashigar Dartford, inda ake tsallaka kogin Thames, fam 35, ga fam 30 wai ladan aikin takarda. Har sun cire.

Ta Dartford ban musa ba. Mun je suna Kent ranar Asabar, kuma motata tana da asusun da ke biya da kansa, sam na manta cewa lambar wannan ba ta ciki. Amma rim, wallahi ban san na goga shi ba. Shekara goma sha ɗaya ina tuƙi a ƙasar nan. In haƙura ko in bi kadi?

Maman Iman (Leeds):
Wa alaikumus salam. Sannu Abban Hanifa, Allah ya mayar da alheri. Ka ɗauki hoton motar kafin ka ja ta?

Abban Hanifa (Romford):
Ban ɗauka ba Hajiya. Ruwa ake yi, kuma na makara.

Maman Iman (Leeds):
Kash. To nan fa gizo ke saƙa.

Alhaji Na-Ƙofar Ruwa (Kano):
Ni dai tsaya in gane tukuna. Kana nufin ka kai motarka gyara, sai su ɗauki wata lafiyayya su ba ka ka tafi da ita gida? Ka kwana da ita har huɗu? Kuma kana kuka? Yaro, zo Kano ka ga abu. A nan makanike ne ke aron motarka ba tare da ya tambaye ka ba. Ka kai ta da rabin tanki, ka dawo ka tarar allura a ƙasa, kujerar direba an ja ta baya, rediyo na wata tasha, ga ledar tsire a ƙarƙashin kujera. Ka yi magana ya ce gwaji ya fita. Wani maƙwabcina a wajen ɗaurin aure ya ci karo da tasa motar, alhali an ce masa an sauke giya.

Bakatsine (Houston):
Alhaji ka kashe ni da dariya. Amma fam 250 ba wasa ba ne, a juya shi zuwa naira a gani.

Ɗan Zazzau (Coventry):
Yaya Abban Hanifa, bari in ba ka abin da na sani daga ciki, don na yi kusan shekara biyu ina wanke motoci da jera su a wajen wani dila lokacin da nake karatu.

Kalmar kyauta ce ta rufe maka ido. Abin da ka sa wa hannu yarjejeniya ce cikakkiya, kusan irin ta motar haya, kuɗin hayar ne kawai babu. A ciki akwai wanda aka yarda ya tuƙa, akwai maganar mai, akwai hana shan taba da ɗaukar dabba, akwai cewa duk tarar da ta zo a kwanakin taka ce, kuma sun halatta wa kansu cire ta daga katinka har da ladan wahalarsu. Babbar cikinsu ita ce inshora. Motar tana ƙarƙashin inshorarsu, amma akwai kason farko da kai za ka biya kafin kamfanin inshora ya sa ko kwabo, kuma kason nan sau da yawa ɗaruruwan fam ne. Shi ya sa ƙaramar ɓarna irin ta rim ba ta ma zuwa wajen inshora, daga aljihunka kai tsaye take fita. Wasu dilolin sukan ce ka ba da 'yan kuɗi kaɗan a rana su rage maka kason. Ba su yi maka tayin haka ba?

Yanzu ga inda kake da ƙarfi. Kowace motar aro tana da takardar dubawa. Akwai zanen mota a jiki, ana sa alama duk inda ya gogu ko ya lotsa, lokacin fita da lokacin dawowa. Ƙa'ida a yi wannan a gabanka. Gaskiyar abin da ke faruwa kuwa, safiyar Litinin mota biyar na fita a cikin rabin awa, yaro ɗaya ne, ba ya duba komai. Sai ranar da aka sami sarari aka wanke motar da kyau, a ga tabo, a ɗora wa wanda ya riƙe ta a ƙarshe. Ba lallai mugunta ba ce, sakaci ne, amma kai ne ka kwana a ciki.

Rubuta musu, kada ka kira a waya. Ka nemi abu uku: takardar dubawar ranar da ka ɗauka mai ɗauke da sa hannunka, takardar dawowar wanda ya riƙe ta kafin kai, da hoton rim ɗin mai kwanan wata da lokaci. Ka kuma tambaye su wa ya tuƙa ta daga ranar da ka ajiye zuwa ranar da aka ga tabon. Kwana goma ba kwana ɗaya ba ne.

Abban Hanifa (Romford):
Allah ya saka da alheri ƙanena. Ba su yi min tayin komai ba. Na buɗe takardar yanzu a imel, wajen zanen motar fari fat, ba alama ko ɗaya, kuma ga sa hannuna a ƙasa.

Ɗan Zazzau (Coventry):
To ka ga, a rubuce ka shaida cewa lafiya lau ka karɓe ta. Duk da haka nemi ta wanda ya gabace ka.

Sani Mai Lissafi (Abuja):
Ni fa ban ga abin jayayya ba, ku gafarce ni. Mutum ya sa hannu bai karanta ba, bai duba mota ba, bai ɗauki hoto ba. Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Kuma Abban Hanifa, kai da kanka ka ce "ban san na goga ba", ba ka ce "ban goga ba". Motar da ba ka saba da faɗinta ba, ga dare, ga gajiyar aiki, rim na iya shafar dakali ba ka ji ba. A biya a wuce wajen.

Maman Iman (Leeds):
Haba Malam Sani. Ai su ma ba su duba ba. Don me sakacinsa zai zama kuɗi, nasu ya zama ba komai?

Ni abin da ya same ni daban ne. Na sa rana tun mako uku kafin lokaci saboda motar aro, don a nan in ba ka yi haka ba ba ka samu. Na je suka kawo min mai giyar hannu. Ni kuwa da mai canza giya da kanta na ci jarrabawa, kuma a Ingila in da ita ka ci, lasisinka bai ba ka damar tuƙa mai giyar hannu ba, laifi ne. Na gaya musu, suka ce ita kaɗai ta rage. Da ƙyar aka samo wata bayan awa biyu, 'yar mitsitsiya mai ƙofa uku, ni kuma ga kujerun yara biyu, don doka ta ce sai yaro ya kai shekara 12 ko tsayin santimita 135 kafin ya rabu da kujerarsa. Ina tsugune a filin ajiye motoci ina kokawa da bel, ƙaramar na tsala ihu. Ga jikin motar an liƙe shi da sunan kamfanin da lambar wayarsu, ka zama allon talla mai yawo. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Bakatsine (Houston):
Hajiya a nan Amurka akasin haka suke yi, musamman masu motocin tsada. Ka kai tsohuwarka mai shekara shida, su ba ka sabuwa dal ta bana, mai ƙamshin leda. Ka yi kwana biyu a ciki, ka dawo ka shiga taka ka ji kamar akwalar ɗaukar itace. Kafin ka kai gida mai sayarwa ya kira yana tambayar ya ka ji ta. Ba banza ba Bahaushe ya kira shi dila, ai sunan malamin daji ne. Motocin aron ma ba asara ba ne a wajensu, in sun yi 'yan dubban mil sai a sayar da su da ɗan ragi.

Abin yana da tarihi. Da Toyota ta fito da Lexus a nan a 1989, ba a yi nisa ba aka gano matsala, suka yi wa motocin Lexus ƙirar LS 400 kusan 8,000 kiranye, wato a dawo da su a gyara. Dilolin suka riƙa zuwa har gida su ɗauki motar, su bar wa mutum ta aro, su dawo masa da tasa a wanke da tanki cike. Abin da zai zama abin kunya ya zama talla, har yau ana ba da labarinsa a darussan kasuwanci.

Amma a kula, inshorar nan ba kamar ta Ingila ba ce. Yawanci sai ka nuna taka inshorar kafin su ba ka makulli, kuma a jihohi da yawa in wani abu ya faru taka ce za a fara taɓawa. Masu dogaro da kariyar katin bashi su ma su lura, wannan kariyar galibi sai in da katin ka biya kuɗin haya, a nan kuwa ba ka biya komai ba. Akwai wani ɗan'uwanmu da ya ce bari ya ɗan yi Uber da ta aro kwana biyu. Na ce masa rufa wa kanka asiri, takardar ta hana, kuma da yawansu akwai na'urar da ke nuna inda suke.

Malam Ɗanlami (Zariya):
Assalamu alaikum. Tunda ana ta kiran abin aro, bari in ɗan sa baki, don malamanmu ba su bar babin nan ba. A Risala ta Ibn Abi Zaid an raba abin aro gida biyu. Akwai wanda ake iya ɓoyewa, kamar tufa ko kayan ado, wannan in ya salwanta mai aro zai biya. Akwai wanda ba a iya ɓoyewa, kamar dabbar hawa, wannan ba ya biya sai in ya yi ta'addi, wato ya wuce iyakar da aka ba shi. Mota a wannan zamani ita ce dabbar hawa. Da a ce Abban Hanifa ya ba wani wanda ba ya cikin takarda ya tuƙa, ko ya yi kabu-kabu da ita kamar mutumin Bakatsine, to ya yi ta'addi, babu magana.

Abu Ammar (Madina):
Allah ya gafarta Malam, amma akwai saɓani. Shafi'iyya da Hanbaliyya suna ganin mai aro yana da lamuni ko bai yi sakaci ba, hujjarsu hadisin Safwan ɗan Umayya, lokacin da Annabi (SAW) ya ari sulke a wajensa don yaƙin Hunaini ya ce aro ne abin lamuncewa. Hanafiyya ne suka ɗauke shi amana zalla. Kuma ga sharaɗi ya sa wa hannu, Musulmi kuwa suna kan sharuɗɗansu.

Malam Ɗanlami (Zariya):
Haka ne ɗana, Allah ya ƙara sani. Sai dai duk wannan bayan an tabbatar a hannunsa abin ya lalace ne. Mu nan ba a kai can ba. Su ne masu da'awa, hujja kuwa tana kan mai da'awa. Su kawo shaida cewa rim ɗin lafiyarsa lau ranar da ya fita, kuma da tabo ranar da ya dawo, ba bayan kwana goma ba.

Sani Mai Lissafi (Abuja):
Malam ai shaidar ita ce takardar da ya sa wa hannu. Kuma kotun Ingila ba ta karanta Risala.

Ɗan Zazzau (Coventry):
Ba ta karantawa, amma ita ma wanda ya ce an yi masa ɓarna shi take cewa ya tabbatar. Takardar fita rabin hujja ce. Ina ta dawowa? Ya ce yaro ya karɓi makulli bai duba ba. Yaya, in sun yi taurin kai ka shigar da ƙorafi a rubuce, ka duba ko suna cikin garejin da ke ƙarƙashin The Motor Ombudsman, cibiyar da ke sasanta masu mota da gareji. In suna ciki, suna da mako takwas su ba ka amsar ƙarshe, daga nan ka kai can, kuma ba a biyan komai. Bankinka ma kana iya gaya musu kana jayayya da kuɗin da aka cire.

Ta Dartford kuwa ka ma yi sa'a. Tarar fam 70 ce, tana komawa 35 in an biya cikin kwana 14, da alama sun biya da wuri. Kuma ɗaya ta zo maka maimakon biyu, ina jin bayan ƙarfe goma na dare kuka dawo, don daga goma zuwa shida na safe ba a biya.

Abban Hanifa (Romford):
Kamar kana nan. Sha ɗaya saura muka tsallako, matan sun ƙi tashi daga hira.

Alhaji Na-Ƙofar Ruwa (Kano):
Yau hirar mata ta yi rana ke nan.

Amma bari in bar wasa. Wani yaro ya taɓa ce min me ya sa masu gareji a nan ba sa yin irin wannan su ja kwastoma. Na ce masa da wace motar? Yawancin abin da muke hawa 'yan Kwatano ne, ba garanti, ba dila, daga kai sai makanikenka a Kwakwaci ko bakin titi, wanda jarinsa akwatin sifana ne. Ko yana da motar ma, inshorar da yawancinmu ke yanka ta naira 15,000 ce, wadda ta tashi daga 5,000 a farkon 2023, kuma wannan ɓarnar da ka yi wa wani take biya, ba ta sayen ko fitilar motar da kake ciki. In ka ba mutum ya je ya haɗa ta da tirela a hanyar Zariya, sai dai a taru a ce ka yi haƙuri, ƙaddara ce. Motar aronmu a nan ita ce a-daidaita-sahu, ko ta surukinka in kuna shiri.

Hajiya Turai (Abuja):
Alhaji ba duka ba. Ofishinmu na da motocin da aka saya sababbi da yarjejeniyar sabis, kuma an rubuta a ciki cewa in gyara ya wuce kwanaki kaza za a kawo madadi. Amma da kuɗi aka sayi wannan layin, ba karamci ba ne. Ko can Ingilan ma ai yana cikin kuɗin aikin da suke caja a kowace awa.

Bakatsine (Houston):
Gaskiya ne Hajiya. Wani abu kuma da ban faɗa ba, motar aron ita ma a duba lafiyarta. Lokacin rikicin jakar iska ta kamfanin Takata, wato jakar da ke kumbura ta kare mutum in an yi hatsari, wadda aka yi wa kusan miliyan 67 kiranye a nan Amurka saboda tana iya fashewa ta watsa ƙarfe a fuskar mutum, mutane da yawa sun yi makonni a motar aro suna jiran kayan gyara. Akwai dokar tarayya da ta fara aiki a 2016, ta hana kamfanin haya mai mota 35 ko fiye ba da motar da aka yi wa kiranye ba a gyara ba. Dilan da motocin aronsa ba su kai haka ba bai shiga ciki ba. Ni yanzu lambar jikin mota mai harafi da lamba 17 nake sawa a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran mota ta Amurka, in ga ko an yi mata kiranye. Alhaji ku ma wannan ya shafe ku, don motocin da ake lodawa daga nan zuwa gida ba duka aka gyara ba, kuma zafi da laima su ne ke ƙara lalata sinadarin.

Mai Kula da Zaure:
Jama'a maganar jakar iska a buɗe mata nata zaren, tana da muhimmanci, kada ta ɓace a nan.

Abban Hanifa (Romford):
Assalamu alaikum, na dawo da labari. Na rubuta musu kamar yadda Ɗan Zazzau ya ce. Kwana biyu shiru. Na sake turawa na haɗa da manajan sashen gyara. Jiya ya kira ni. Takardar wanda ya riƙe ta kafin ni ba su same ta ba sam. Ta dawowata ma babu, ba a cike ba. Kuma bayan na ajiye ta ranar Litinin an ba wata mata ita ranar Laraba, sai ranar Juma'a mai wanki ya ga tabon. Na ce to me ya sa ni? Ya yi ta kame-kame, wai a kwamfuta sunana ne na ƙarshe don ba a shigar da na matar ba. Ya ce za su mayar da fam 180, amma ya nanata cewa don kyautatawa ne, ba wai sun amsa laifi ba. Na ce ya kira shi duk abin da yake so.

Ladan takarda na roƙa ya ce wannan yana cikin yarjejeniya, ba zai taɓa ba. Na bar shi.

Sani Mai Lissafi (Abuja):
To na janye rabi. Amma har yanzu ba a tabbatar ba kai ba ne, an dai kasa tabbatar da kai ne.

Maman Iman (Leeds):
Malam Sani kai dai ba ka saki. Ni matar nan nake tausayi, yanzu ita za a aika wa saƙon.

Ɗan Zazzau (Coventry):
Da wuya Hajiya, ita ma ba takardar fitarta. Su za su shanye. Yaya, ƙarar birkin fa, ta daina?

Abban Hanifa (Romford):
Ina fa. Ta dawo shekaranjiya. Sun ce in kawo ta ranar 14, kuma za su ba ni motar aro.

Alhaji Na-Ƙofar Ruwa (Kano):
Ka je da mai ɗaukar bidiyon biki, ya zagaya ta sau uku har da ƙarƙashi. Ni bari in je in ga tawa, yau kwana tara, yaron shagon ya ce maigidan ya fita gwaji da ita tun jiya.